Zuwa ga masu magana da yawun kamfanonin inshora, kafin taron bitarku

Na ji za a haɗa ma'aikatan hulɗa da jama'a na kamfanonin inshora a yi musu bita kan yadda za su riƙa isar da saƙo, madalla, Allah ya sa a yi lafiya a tashi lafiya. Amma dan Allah ina da roƙo, kada a cinye lokacin gaba ɗaya ana koyar da yadda ake ƙawata talla a Instagram da rubuta sanarwa da Turanci mai nauyi, domin ciwonmu a Arewa ba can yake ba. Ciwon shi ne mutane ba su taɓa ganin wanda inshora ta biya ba, kuma ba wanda ya zauna ya faɗa musu yadda ake karɓar kuɗin.

Ku ɗauki inshorar mota ta dole. Tun Janairun 2023 NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, kowa ya ji wannan, an yi ta tsaki a majalisa da tasha. Amma mutum nawa suka ji cewa diyyar ma an ɗaga ta daga miliyan 1 zuwa miliyan 3? Wato in ka bugi motar wani, kamfanin da ka biya shi ne zai ɗauki gyaran motar mutumin har zuwa wannan adadin. Je ka tambayi direbobi goma a tasha ka ji, yawanci za su ce maka ai takardar 'yan sanda ce, ana ajiye ta ne saboda shinge. Shi ya sa in aka yi karo sai ka ga an fito ana hayaniya a titi, a je wajen mai gyaran jiki a yi ciniki, mutum ya ci bashi ko ya sayar da akuyar matarsa ya biya, alhali takardar da za ta fidda shi tana ninke a aljihun mota. Wallahi wannan abin yana min ciwo.

Da 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora a Fabrairun 2025 saƙon da ya fi yawo shi ne a yi ko a kama ka. Toh an tsorata mutane sun yi, wasu kuma a hannun 'yan kamasho suka saya a bakin ofishin lasin, takardar bogi, ba su ma sani ba. Akwai rumbun bayanai na NIID da mutum zai sa lambar motarsa ya ga ko inshorarsa ta gaskiya ce, kyauta, a waya. Me ya hana a yi ta nanata wannan a rediyo safe da yamma har yaro ya haddace?

Sai maganar addini, wadda na lura ana kewaye ta kamar ana jin tsoro. Mutanenmu da yawa suna gudun inshora ne saboda sun ji malamai sun yi magana kan riba da caca da rashin tabbas a cikin yarjejeniyar, kuma ba ka isa ka ce musu jahilci ba ne, hujjarsu gare su. Amsar tana nan, takaful. Tun 2013 NAICOM ta fidda ƙa'idojinsa, ga su Jaiz Takaful ga Noor Takaful suna aiki, tsarin kuwa taimakekeniya ne, kowa ya zuba a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda masifa ta faɗa wa a ɗiba a ba shi, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda suka zuba, ga kwamitin malamai yana sa ido kan inda ake juya kuɗin. Wannan bayanin minti biyu ne da Hausa. Amma sai ka ga an buga shi a takarda mai sheƙi da Turanci an ajiye kan tebur a ofis, wa zai karanta?

Ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022, da gobarar kasuwar Monday ta Maiduguri a 2023, sannan ambaliyar dam ɗin Alau a Satumbar 2024. Duk lokacin da aka yi irin wannan sai jaje da gidauniya da jiran gwamnati, 'yan kasuwa masu rufin asiri su wayi gari ba ko sisi. Ban ce inshora za ta hana ƙaddara ba, abin da Allah ya rubuta ba makawa, amma shi ma ɗaure raƙumi ai umarni ne.

Don haka in kun zauna, ku kira shugabannin kasuwa da 'yan ƙungiyar direbobi da malami ko biyu su faɗa muku abin da ake cewa a kanku a bayan ido, zai yi ɗaci amma ku daure. Ku nemo waɗanda kuka taɓa biya diyya, da yardarsu, su yi magana da bakinsu a gidan rediyo. Ku faɗa wa mutane ƙarara wace takarda ake kawowa in abu ya faru, kwana nawa ake jira, me inshorar ba ta ɗauka tun kafin a karɓi kuɗinsu, kuma in kamfani ya ƙi biya a kai ƙara NAICOM. In kuma kamfaninku na cikin masu jan ƙafa wajen biya, ku koma ku faɗa wa oga cewa ba tallan da zai gyara wannan, a fara biyan waɗanda ke bin bashi tukun.