Jama'ar Shikago, watan Afrilu ya kama, ku fito aikin gayya a daji

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Shikago da kewaye. Na san wasu za su ce wannan kuma ina ruwanmu, to da ruwanmu, tunda nan muke zaune nan yaranmu suke tashi, kuma dazukan gundumar Cook ɗin nan da muke zuwa gasa nama lokacin zafi ba haka kawai suke tsaye ba. Kusan eka 70,000 ne fa, ma'aikatan hukuma ba za su iya da shi su kaɗai ba, akwai mutanen da ke fita ranar Asabar da safe suna gyara shi ba a biyansu ko sisi, tsofaffi da 'yan makaranta da iyaye da yaransu, amma mu da wuya ka ga fuskarmu a wurin, kuma wallahi abin yana damuna.

Abin da ke fara ɗaure ma namu kai shi ne za ka je ka tarar ana sare itatuwa ana tara su ana cinna musu wuta, sai ka ce wannan ai ɓarna ce. Mu da muka taso inda hamada ke cin gona, tun muna yara ake gaya mana sare itace laifi ne, dole ranka ya sosu. Kuma ba mu kaɗai ba, su kansu mutanen garin a 1996 sun yi ta hayaniya kan wannan har hukumar gunduma ta dakatar da aikin, wasu wuraren sai da aka yi shekaru kafin a koma. Amma ba kowane kore ba ne lafiya. Itacen da ake sarewa wani ɗan itace ne mai ƙaya da suke kira buckthorn, daga Turai aka kawo shi tun shekarun 1800 don yin shinge, ya tsallake shingen ya shige daji. Shi ke riga kowa fitar da ganye in sanyi ya wuce, shi ke ƙarshen zubarwa, ya rufe ƙasa da inuwa ruf, ƙananan itatuwan oak kuwa sai da rana suke tashi, sai ka ga manyan oak masu shekara ɗari biyu a tsaye amma babu na baya ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Ƙidayar itatuwa da cibiyar binciken itatuwa ta Morton Arboretum ta yi a 2020 ta nuna kashi 36 cikin ɗari na itatuwan yankin nan shi ne. Duk wanda ya san yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Sara da ƙona tarin itace galibi aikin hunturu ne, in tsuntsaye suka fara sheƙa ana sassautawa. Yanzu aikin da ke gaba shi ne tuge wata ciyawa mai farin fure da suke kira garlic mustard, in ka murza ganyenta sai ka ji warin tafarnuwa. Ita ma baƙuwa ce daga Turai, a 1868 aka fara ganinta a Long Island. Shekara biyu take rayuwa, a ta biyun take fure ta zubar da iri ɗaruruwa, kuma irin yana iya fin shekara 5 a ƙasa bai mutu ba. Ga shi saiwarta na fitar da wani sinadari da ke cutar da ƙwayoyin cikin ƙasa waɗanda saiwar itatuwa ke dogaro da su. Da hannu ake tuge ta har saiwa a zuba a leda a fitar, don in aka yar a wurin sai irin ya nuna abinsa. Aiki ne na sunkuyo, baya zai yi ciwo, amma yaro ɗan firamare ma zai iya.

Ni abin da ya sa nake ganin girman aikin nan, ba na rana ɗaya ba ne. Mun saba da a taru a dasa itace a ɗauki hoto a sa a Facebook, bayan wata uku babu mai komawa ya ga ko ya rayu. Nan kuwa wurin da ka tuge bana shi za ka koma baɗi, da baɗin baɗaɗa, sai irin da ke ƙasa ya ƙare. Tun 1977 wani mai kishin muhalli, Stephen Packard, da wasu 'yan tsirarun mutane suka fara haka a gefen reshen arewa na kogin Shikago, ku je Somme Prairie Grove a Northbrook ku gani da idonku abin da kusan shekara hamsin na haƙuri ya haifar, furannin asali sun dawo inda da ƙaya ce cunkus.

Masu cewa ai muna biyan haraji, gaskiya ne, a 2022 ma jama'a sun kaɗa ƙuri'ar ƙarin haraji saboda dazukan. Kuɗin na sayen kayan aiki ya biya ma'aikata masu ƙona daji bisa ƙa'ida, amma ba zai ɗauki isassun hannuwan da za su bi ciyawa ɗaya bayan ɗaya ba.

Dan Allah shugabannin ƙungiyoyinmu da masallatanmu, ku sa wannan cikin sanarwa bayan Juma'a. Ana yin rajista a shafin hukumar dazukan kyauta, safar hannu da kayan aiki suna bayarwa, kai dai ka zo da ruwan sha da dogon wando da takalmi rufaffe saboda kaska, awa uku ne an tashi. Iyaye mata ku zo da yaran, su bar waya na rabin yini. Kar a bari sai bayan Mayu, lokacin irin ciyawar ya kusa nuna ya fara zuba.