Sanarwar rufe shago muke yi wa tafi

Tun da Bill Gates ya sanar a watan Mayun 2025 cewa gidauniyarsa za ta kashe dala biliyan 200 sannan ta rufe a ƙarshen 2045, bakin wasu manyanmu ya ƙi rufuwa. Da ya je Addis Ababa ya ce kaso mafi tsoka Afirka zai zo, sai murna ta koma biki, har Shugaba Tinubu ya rataya masa lambar girmamawa ta ƙasa, CFR. Kowa ya ji adadin kuɗin. Maganar rufewar ce ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Waɗanda suka fi ci mini rai su ne masu cewa Allah ya kawo mai toshe ɓarakar da rushe hukumar agajin Amurka, USAID, ta bari. A yi lissafi mana. Biliyan 200 a shekara 20, biliyan 10 ke nan duk shekara, kuma ba Najeriya kaɗai ke miƙa ƙoƙo ba. Abin da USAID ke kashewa a shekara kafin Trump ya tarwatsa ta ya ninka haka wajen sau huɗu.

Ban raina aikin mutumin ba. Daga 2000 da aka kafa gidauniyar ta raba sama da dala biliyan 100, ciki har da dukiyar da attajirin Amurka Warren Buffett ya fara zubawa a 2006. Ita ta ɗauki nauyin biyan bashin dala miliyan 76 da muka ciwo daga Japan don yaƙar shan inna, kuma ita da Gidauniyar Dangote suka ƙulla yarjejeniyar rigakafi da Kano a 2012. Masu cewa hana haihuwa yake nema ta bayan fage kuwa, mun ji wannan waƙar a 2003 lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Arewa, yaran da ƙafafunsu suka shanye su suka biya.

Damuwata daban ce: mai kuɗi shi ke zaɓen cutar da za a yaƙa. A unguwarmu masu ɗigon baki na shan inna sun sha zuwa har zaure, su shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, su yi rubutu da alli a bango. Asibitin da ke bayan layinmu kuwa firjin rigakafinsa mai aiki da hasken rana garau yake, amma rufin yana yoyo, maganin zazzaɓi sai an tura ka kemis. Wata dattijuwa ta tambaye su a gabana: "'Ya'yan nan, wannan kyauta har gida, na zazzaɓin da ke kashe mu fa?" Wa za ta kai wa ƙara? Masu yanke shawarar suna hedikwatar gidauniyar a Seattle ta Amurka, ba ta zaɓe su ba.

Waɗanda ta zaɓa fa? A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantarsa ba, tana ta dabur-dabur a wajen kashi 5. A 2018 Gates ya faɗa wa gwamnoni ido da ido cewa shirin tattalin arziƙin gwamnati ya fifita gine-gine a kan mutane; wasu suka tsuke fuska, aka watse.

'Yan majalisun jihohi su bar ɗaukar hoto da baƙi, su tambayi kwamishinonin lafiya wane layin kasafi zai sayi allurai bayan 2045. Yarinyar da aka haifa shekarar da aka yi sanarwar za ta kai 20 a lokacin, wataƙila da goyo a bayanta.