Tikitin kuri'a ba sadaka ba ne, ko makarantar addini ce ta sayar da shi

Daga shekarar 2026, dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ba ɗan Amurka damar cire sadakar da ya bayar daga kuɗin da za a ɗora masa haraji a kai, har dala 1,000, ko 2,000 ga ma'aurata, ko da bai zayyana kuɗaɗen da ya kashe ɗaya bayan ɗaya a takardar haraji ba. Miliyoyin mutanen da a da ba ruwansu da rasit ɗin ƙungiyar agaji yanzu za su neme shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu ke son cusa kuɗin tikitin kuri'a, wato tikitin da ake saya don neman cin kyauta, cikin wannan rangwame.

A unguwannin Yahudawa masu riƙo da addini irin na Buruklin a birnin New York da Lakewood a jihar New Jersey, kuri'a babbar hanya ce ta tara wa makarantun Attaura da marayu da marasa lafiya kuɗi. Ka sayi tikiti, wataƙila ka ci mota, ko kayan azurfa, ko kujerar jirgi zuwa Isra'ila. Aikin da ake yi da kuɗin na alheri ne, ban musa ba. Amma masu cewa tunda kuɗin ya tafi makaranta to sadaka ce, suna yaudarar kansu. Hukumar harajin Amurka, IRS, ta yanke wannan magana tun 1967, kuma littafinta na jagora kan sadaka ya faɗa ƙarara cewa kuɗin kuri'a ba ya cikin abin da ake cirewa. Dalilin a fili yake: wanda ya sayi tikiti ya karɓi wani abu, wato damar cin mota. Ciniki aka yi. Rashin cin motar bai mayar da shi kyauta ba, kamar yadda asarar ɗan kasuwa ba ta zama zakka.

Hujjar da suka fi jingina da ita ta addini ce. Bayahude mai kiyaye al'ada yana ware kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu, abin da suke kira ma'aser, kuma babban malaminsu Moshe Feinstein, wanda ya rasu a 1986, ya halatta sayen tikiti da wannan kuɗi idan ba a ƙayyade yawan tikitin ba. To, sai me? Malamin ya amsa tambayar da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ne, bai ce baitulmalin Amurka ya biya wani ɓangare na kuɗin ba. Kotuna ma sun nuna cewa niyyar ibada ba ta sauya hukunci. A 2002 da 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta hana wasu ma'aurata Yahudawa cire kuɗin makarantar addini na 'ya'yansu, saboda sun samu karatu a madadinsa. Masu kukan wariya kuwa su sani hukuncin nan ɗaya ne a kan coci da masallaci da ƙungiyar 'yan kwana-kwana.

Laifin ya fi yawa a wuyan duk ƙungiyar da ta rubuta "gudummawa" a rasit ɗin tikiti alhali ta san doka. Ranar da aka zo bincike, mai sayen tikitin ne zai biya harajin da ya tsallake har da tara, mutumin da ya amince da su. Su buga a jikin kowane tikiti cewa babu rangwame a kansa, su ware akwatin sadaka daban ga mai son rasit. Su kuma gaya wa wanda ya ci motar tun kafin ya karɓi makulli cewa kyautar da ta haura dala 5,000 ana riƙe harajin kashi 24 cikin 100 a kanta.