Bargo Uku a Saman Sif

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau da kaina zan fara, domin laifi tudu ne, kuma na daɗe ina taka nawa ina hango na wasu.

Kwana goma da suka wuce, bayan sallar isha'i, wata maƙwabciyata ta yi sallama. Yarinya ce a kaina, ba ta daɗe da dawowa kusa da mu ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta, da ƙyar ta iya fitar da maganar: "Yaya, don Allah ko kina da wani tsohon bargo da ba kya amfani da shi? Ƙaramin nawa ne tari ya sa gaba, sanyin dare yana shigarsa." Ban ko tsaya tunani ba na ce, "Wallahi ƙanwata ba ni da shi, namu ma da ƙyar yake isarmu." Ta ce, "Ba komai Yaya, Allah ya ƙara rufin asiri." Ta juya ta tafi, ni kuma na koma na kwanta hankalina kwance.

Jiya ina neman takardar haihuwar ɗana. Na duba durowa babu, na duba jaka babu, na jawo akwatunan ƙarƙashin gado babu. Daga ƙarshe na taka kujera na fara sauko da shirgin da ke saman sif. A cikin wani buhu da na fi shekara huɗu ban kwance ba, sai ga bargo har uku. Ɗaya ko daga ledarsa ban taɓa fitar da shi ba. Ɗaya ɓera ya yi sheƙa a ciki, ya huda shi wuri-wuri. Na ukun danshi ya kama shi ya yi fumfuna, warinsa kaɗai ya isa ya sa mai lafiya tari.

Na zauna a ƙasa na rasa abin da zan ce wa Ubangijina. Na ambaci sunansa na ce ba ni da shi, alhali uku na sama da kaina. Na san malamai da yawa sun ce rantsuwar da mutum ya yi bisa abin da yake zaton gaskiya ne babu kaffara a kanta. To amma yaron fa? A sanyi ya kwana. Ɓera ya samu abin rufa a gidana, ɗan musulmi bai samu ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba rowa ce ta hana ni ba. Kayan ne suka yi mini yawa har na daina sanin abin da na mallaka. Ranar da aka tambaye ni dukiyata, ta ina na samo ta kuma a ina na kashe ta, me zan ce game da abin da ko tuna shi ba na yi?

Dukanmu mun iya karin maganar nan, ajiya maganin wata rana. Da ita muke kare kanmu. Wayar da ta mutu shekara biyar, ajiya. Caja shida da babu wadda ke shiga wayar kowa a gidan, ajiya. Kwalin talabijin, kwalin fanka, kwalaben turaren da suka ƙare, robobi marasa murfi da murafai marasa robobi, takalmi wari ɗaya, rigar da muke jira mu rame mu sa, kayan jarirai alhali autan ya shiga sakandare. Wace rana ce wannan da ba ta zuwa? Ni tawa ranar ta zo, ta yi sallama har bakin ƙofata cikin dare, ajiyar ba ta yi maganin komai ba, don ban ma san tana nan ba.

Kuma kaya ba ya jiran mutum. Takalmin da aka daɗe ba a sa ba, gam ɗinsa bushewa yake yi, ranar da kika ɗauko shi tafin ya rabu a hanya. Robar ƙugun wando ta saki. Asu ya ci tufa, gara ta ci littafi, tsatsa ta ci ƙarfe, batirin da aka bari cikin tocila ya zubar da ruwa ya lalata ta. Maganin da wa'adinsa ya wuce yana nan a durowar ƙasa, daidai inda hannun yaro yake kaiwa. Ƙurar da ke kwance a kan tarkace da kyankyasan da ke haihuwa a cikin kwalaye suna daga cikin abubuwan da ke tayar wa masu asma ciwonsu. Muna cewa muna adanawa ne, alhali lalatawa muke yi a hankali. Wanda ya zubar a rana ɗaya mun kira shi almubazzari, to wanda ya kulle har ya ruɓe fa, me za mu kira shi?

Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da na sha ji amma sai jiya ya shige ni: shimfiɗa ɗaya ta miji, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu kuwa ta shaiɗan ce. Malamai sun yi bayani cewa ana nufin abin da ya wuce buƙata, wanda aka tara don alfahari, ba wai mai iyali da yawa ya tsaya a kan uku ba. To ku ƙirga zanen gadon da ke gidajenku. Ni na ƙirga nawa, 17, a gidan da gadajensa ba su wuce uku ba.

Ku tuna ɗakin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Ita da bakinta ta ce tana kwance a gaban Manzon Allah (SAW) yana sallar dare, idan zai yi sujada sai ya taɓa ta ta naɗe ƙafafunta, idan ya miƙe ta sake miƙe su. Girman ɗakin ke nan. Shimfiɗar Manzon Allah (SAW) ta fata ce da aka cusa wa zaren dabino. Sayyidina Umar ya shiga wajensa ya tarar tabarma ta yi masa shaida a jiki, ya waiwaya bai ga komai ba sai ɗan sha'ir da 'yan fatu a rataye, har ya yi kuka yana tuna daular Kisra da Ƙaisar, sarakunan Farisa da Rum. Ban kawo wannan don in ce mu koma kwana a tabarma ba. Allah mai kyau ne, yana son kyau, kuma bai haramta mana ni'imarsa ba. Na kawo ne don a wannan ƙaramin ɗakin an samu wurin tsayuwar dare, mu kuma da ɗakuna biyu da falo sai mun ture kwandon wanki da tulin kaya kafin mu shimfiɗa sallaya. Wani lokaci turewar ce ma take sa a ce bari dai sai gobe.

Ko an samu wurin ma, ido yana ina? An kawo wa Annabi (SAW) wata riga mai zane-zane, ya yi salla da ita, yana sallamewa ya ce a mayar wa Abu Jahm, sahabin da ya ba shi ita, a karɓo masa wadda ba ta da ado, domin ta ɗauke masa hankali a sallarsa. Haka ya ce wa Nana A'isha ta kawar da wani labule saboda zanensa yana bijiro masa yana salla. Shi ke nan fa, wanda zuciyarsa ba ta gafala. Ke kuma 'yar'uwa, kin kabbara, gabanki kabad cike da kwanukan da ba a taɓa ci a cikinsu ba, dama tulin guga, hagu jakunkuna, kina karanta Fatiha kina lissafin wanda za ki gyara. Sannan mu zo muna kukan ba ma samun khushu'i.

Maza, kada ku ce da mata ake. Wa ya tara tsofaffin tayoyi a bayan gida? Na wa ne rediyon nan da ake cewa za a kai gyara tun ba a haifi yaran ba? Takardun da aka gama da su, wayoyin lantarki a cukurkuɗe, huluna da riguna da ba a sa ba tun wancan zamani, ga ƙanenka yana zuwa masallaci da riga ɗaya kullum kana gani. Abu Sa'id Al-Khudri ya ba da labarin wata tafiya da Annabi (SAW) ya ce mai rarar abin hawa ya bai wa marar shi, mai rarar guzuri ya bai wa marar shi, ya yi ta lissafa nau'o'in dukiya har sahabbai suka ga kamar babu mai haƙƙi a kan abin da ya yi masa rara. Malam, rararka tana ina yanzu?

Wani abu kuma da nake tsoro. Yanzu a intanet ana yayin gida mai kaya kaɗan: farin bango, kujera ɗaya, tukunyar fure a kusurwa, fili fetal. Yana da kyau a ido, kuma akwai gaskiya a cikinsa, don ɗakin da taga ba ta toshe ba, haske da iska na shiga, shara ba ta wuce minti biyar, kowane abu yana da mazauninsa, to mai shi yana samun natsuwa. Amma na ga masu kwashe kujeru lafiyayyu su sayo sababbi masu tsada don su dace da yayin, a ɗauki hoto a ɗora. Wannan ba zuhudu ba ne, gasar tarawa ce ta sake riga, wadda sura ta 102 ta ce ta shagaltar da mu har muka ziyarci kaburbura. Ba sai kin sayi komai ba. Kada ma ki fara da sayen sababbin kwanduna da akwatunan ajiya, za ki ƙara wa tarkacen gida ne kawai.

Ga yadda na yi tun jiya, ko wani zai amfana. Ban ce zan gyara gida duka ba, na san zan gaji in bari. Sif ɗaya na ɗauka, na fito da komai na zube a tsakar ɗaki don idona ya ga yawansa. Duk abin da na ɗaga sai in tambayi kaina: sanyi ya zo ya wuce, zafi ya zo ya wuce, na taɓa shi? In ban taɓa ba kuma lafiyayye ne, ya tafi ga mai buƙata, kuma sai na ambaci sunan wanda zan bai wa a raina, don buhun "za a bayar" shi ma yana iya shekara a bayan ƙofa. Wanda ya mutu, bola. Kuma don Allah kada mu mayar da talaka juji. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mu nufar mummuna mu bayar, abin da mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. A wanke, a goge, a ɗinke inda ya yage, a ninke, sannan a miƙa a ɓoye. A cikin buhun kuma a sa ko da abu ɗaya ne da rai yake so, saboda aya ta 92 a Ali Imrana da ta ce ba za mu kai ga alheri ba sai mun ciyar daga abin da muke so. Na sa wata riga da na fi so, hannuna har rawa yake, a nan na gane ashe kayan ne suka riƙe ni.

Abin da ba naki ba kuwa, kada ki taɓa. Kayan maigida sai da izininsa, kayan aro a mayar wa masu su, ni kaina na tsinci littafin wata da na ara tun shekara uku. Kayan mamaci kuma na magada ne, ba a kyautar da su don ɗaki ya yi fili, ba a kuma kulle su shekara da shekaru marayu na kallo.

Ɗazu da safe na ɗauki sabon bargon nan na kai mata. Na ce, "Ƙanwata ki yafe mini, ashe ina da shi." Ta yi murmushi ta ce, "Haba Yaya, ai ba komai, ya ma samu sauƙi, da zanena na riƙa ninka masa." Da zanenta. Dare goma ita tana kwana a buɗe. Na dawo gida ina kuka a hanya.

Annabi (SAW) ya taɓa sallame la'asar ya miƙe da sauri yana tsallake mutane har suka tsorata, ya dawo ya ce ya tuna wani ɗan zinari ne da ke gidansa, bai so ya kwana a wajensa ba, sai ya sa a raba. Dare ɗaya bai yarda ba, ni na yi shekara huɗu.

Don Allah 'yan'uwa, kada ku ce sai ƙarshen mako. Ku ajiye wayar nan, ku taka kujera ku duba saman sif ɗinku. Ku jawo abin da ke ƙarƙashin gado. Wani na kusa da ku yana jin sanyi a daren nan kuma kunya ba za ta bar shi ya sake yin sallama ba. Don girman Allah ku duba. Ni kuma ku sa ni a addu'a, Allah ya yafe mini dare goman nan.