Kafaɗun Goggo da nawa

Hunturun bara ne, ina da shekara 66, na tashi sallar asuba hannuwana suka ƙi ɗaguwa. Kabbara ce kawai, hannu zuwa kunne, abin da nake yi tun ina makarantar allo a Garwa ta ƙasar Kamaru, amma kafaɗun nan kamar an aza wa kowacce buhun gero. Kwana kaɗan abin ya sauka ƙugu da cinyoyi. In na yi sujada sai na dafa kujera kafin in miƙe, sa riga sai da taimako, juyawa a kan gado kuwa sai na cije. Da hantsi jikin ya ɗan saki, wajen la'asar har in fita sayen burodi, washegari da asuba a koma gidan jiya.

Na baro gida a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, kuma tun lokacin ina Liyon a ƙasar Faransa. Amma abin da na faɗa wa kaina shi ne abin da kowa zai faɗa a unguwarmu: sanyi ne, ga kuma girma ya zo. Mako biyar ina shafa man zafi ina haɗiyar farasitamol, sai da maiɗakina ta ce, "Alhaji, ko ka tashi mu je asibiti, ko in kira yara su ɗauke ka."

A nan ma ba a gane da zuwan farko ba. Likitan unguwa ya ce gaɓoɓi ne suka goge, ya rubuta maganin raɗaɗi ya sallame ni. Da na koma, na gaya masa cewa kafaɗun duka biyu ne, kuma da safe sai na fi awa ɗaya kafin jiki ya warware, sai ya ajiye biro ya tura ni awon jini. Awo biyu ne na gano kumburi a jiki, VS da CRP. Na farkon tsohon awo ne mai sauƙi: a zuba jini a siririn bututu, a tsayar da shi awa ɗaya, a duba milimita nawa jajayen ƙwayoyin suka kwanta. In akwai kumburi a cikin jiki suna saurin kwanciya. Nawa duka biyun sun haura sosai.

Sunan ciwon a bakin likitocin Faransa PPR, sauran duniya kuma na ce masa polimiyaljiya rumatika, sunan da wani likitan Ingila, Barber, ya raɗa masa a 1957. Garkuwar jiki ce ke tayar da kumburi a kewayen gaɓar kafaɗa da ta ƙugu, wani lokaci har wuya. Ba ya cika kama wanda bai kai shekara 50 ba, ya fi yawa a masu 70 da ɗoriya, kuma mata sun ninka maza. Abin da ya raba shi da ciwon gaɓoɓin tsufa shi ne yadda yake zuwa: cikin kwanaki ko makonni kaɗan, hagu da dama tare, da sandarewar safe da ta wuce minti 45, sau da yawa da kasala da rashin cin abinci da rama.

Kafin a ba ni magani an ɗauki hoton ƙirjina don tarin fuka, an auna sukari da ciwon hanta, an ba ni ibamektin saboda wata tsutsar ciki da kan ɓuya shekaru a jikin wanda ya tashi a ƙasashenmu, ta yi ɓarna in an danne garkuwa. Sannan aka ɗora ni a kan firednizon, wanda a nan ake sayarwa da sunan Cortancyl, miligiram 15 kowace safiya. A rana ta uku na yi kabbara hannuna ya kai kunne. Na yi sujada na miƙe ban dafa komai ba, kuma da na sallame sai na zauna ina kuka, saboda Goggo ce ta faɗo mini a rai.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Mace ce mai ƙarfi, ita ke daka gerenta ta dama fura ta sayar, ta haura 60 ba ta taɓa barin wata ta ɗebo mata ruwa ba. Bayan wata damina ta kasa ɗaura ɗankwali. Ta kasa tashi daga tabarma sai an kama ta, kuma mun lura da asuba ne abin ya fi tsanani, har 'yan gidan suna cewa raɓa ce ke shigar ta. An kira wanzami ya yi mata ƙaho a kafaɗu sau ba adadi, an yi tsaga, an jiƙa saiwoyi, an karɓo rubutu. An kai ta asibiti sau biyu, aka ce mata, "Hajiya, girma ne," aka ba ta ƙwayoyin raɗaɗi. Daga baya ta fara kukan ciwon kai a gefen goshi, ba ta son a taɓa mata fatar kai ko da kitso ne, ta daina cin goro don muƙamuƙinta na gajiya da tauna. Wata safiya ta ce ido ɗaya ya rufe. Ba a daɗe ba ɗayan ya bi. Shekara shida ta yi a ɗaki ana ja mata hannu zuwa bayan gida kafin Allah ya karɓi abinsa. Duk tsawon jinyar nan babu wanda ya ɗebi jininta ya zuba a bututu.

Ba ni da hurumin sa wa ciwon mamaciya suna, Allah ya jiƙanta. Amma ranar da likitar gaɓoɓi ta zaunar da ni tana lissafa mini alamomin da in na gani kada in kwana a gida, Goggo take zayyanawa tun daga goshi har muƙamuƙi. Ciwon nan yana da ɗan'uwa da ake kira cutar Horton, kumburin manyan jijiyoyin jini, musamman wadda ta bi ta gefen goshi, kuma kusan mutum ɗaya ko biyu cikin goma masu PPR suna haɗuwa da ita. In ta toshe jinin da ke zuwa jijiyar ido, gani ya tafi, kuma ba kasafai yake dawowa ba. Maganinta wannan firednizon ɗin ne, amma da yawa, miligiram 40 zuwa 60, kuma a ranar ake farawa, ba a jiran sakamakon awo.

Abin da ya hana ni barci tun daga lokacin shi ne ƙwayar da ta tayar da ni ba baƙuwa ba ce a Garwa. Tana famasi, tana kan teburin mai magani a bakin kasuwa, tana cikin kwalin yaron da ke yawo da magani a tasha, kuma tana cikin magunguna mafi araha. Bambancin Liyon da Garwa a wannan ciwon bai kai na na'ura ko na kuɗi ba. A nan an saurari bayanina karo na biyu. A gida da tsoho ya buɗe baki ya ce jikina, an riga an ba shi amsa kafin ya rufe, kuma mu 'ya'yansa ne kan fara ba shi ita, likita ya zo ya maimaita. Muna ganin ladabi ne mu ce wa uwa ta yi haƙuri girma ne, ita kuma tana ganin kunya ce ta yawaita ƙorafi a gaban 'ya'ya da surukai. Tsakanin ladabinmu da kunyarta sai shekara ta wuce.

Za a ce ai ciwon Turawa ne. Gaskiya ne an fi samunsa a arewacin Turai, ƙasashe irin su Nowe da Suwidin, kuma an fi ƙarancin ba da rahotonsa a baƙar fata. Likitana na farko ma ya faɗa mini cewa abin da ya sa bai kawo shi a ransa ba ke nan. To amma ni ɗan Garwa ne gaba da baya, kuma ya kama ni. Ƙidayar da aka yi a inda kowane tsoho yana da likita ba za a auna ta da inda tsohuwa ke jinya a kan tabarma ba tare da an rubuta sunanta a ko'ina ba.

Sai dai ina tsoron wani ya karanta wannan ya nufi teburin mai magani, kuma wannan tsoron ya kai na farko girma. Mun san ƙwayoyin nan. Dangin su ne deksametazon da 'yan mata ke sha don su yi jiki, kuma su ake cusawa a haɗin da ake ƙulla wa tsofaffi a leda da sunan maganin sanyi. Tsoho ya sha ya ji daɗi, don kusan kowane ciwon gaɓa yana lafawa da kotizon, wato wannan dangin ƙwayoyin, sai ya riƙe shi shekaru ba awo ba ƙa'ida. Fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi laushi har ya karye da ɗan tuntuɓe, yanar ido ta rufe gani, tarin fukan da ke kwance ya farka. Ranar da kuɗi ya yanke kuma ya daina rana ɗaya, jikin da ya saba ana ba shi ya daina yin nasa, sai mutum ya faɗi, a ce jifa ne. A wurinmu kuma VS na iya haurawa saboda tarin fuka, ko ƙarancin jini, ko ciwon dajin ɓargo, ko wani ciwon gaɓoɓin daban, don haka likita ne zai tantance, ba mai tebur ba, ba kuma ni da ke rubutu daga Liyon ba.

Aikin yana cikin ragewa. Ni an sauko da ni zuwa miligiram 10 cikin wata biyu, daga nan ana cire miligiram 1 kowane wata, ana duba jini da sukari da hawan jini, ina shan kalsiyam da bitamin D don ƙashi. Jinyar kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, kuma kusan rabin masu ciwon yana dawo musu a hanya. Ya dawo mini da na kai miligiram 6, aka ɗan mayar da ni sama. Da azumi likita ta yarda in riƙa sha da sahur. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da sai an hau mota zuwa Ngawundare an kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, inda yawancin likitocin gaɓoɓin Kamaru suke, su da Duwala. Likitan gari da ya riƙe marar lafiya ɗaya na tsawon shekara biyu zai iya. Abin da ke mana wuya shi ne komawa wurin likita bayan an ji sauƙi.

Akwai abin da Goggo ta samu wanda ban ga irinsa a nan ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. A ɗakin jiran likita na haɗu da wata tsohuwa Bafaranshiya mai irin ciwona, ita kaɗai a gidanta, ta ce kafin a gane ciwon takan yi awa biyu a kan gado tana neman yadda za ta sauko, ba mai miƙo mata hannu. Goggo ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, jikoki na rububin ɗaura mata kallabi da zuba mata ruwan alwala. Da hannuwan nan da suka ɗaga ta shekara shida sun san tambaya uku da za su kai wa likita, da wataƙila ta mutu tana ganin fuskokinsu.

Watan jiya na kira Yayata a Garwa, ita 72 take. Cikin hira ta ce yanzu 'yarta ce ke ɗaura mata zane da safe. Na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ta ce tun bayan babbar sallah. Na ce kafaɗa ɗaya ko biyu, ta ce biyu. Na ce da rana fa, ta ce da rana da sauƙi, "kai dai ka bari, girma ne." Na ce ta ba ɗanta wayar. Na sa ya ɗauko biro ya rubuta VS, CRP, PPR, ya rubuta ranar da abin ya fara da tsawon sandarewar safe, ya tattara duk ƙwayoyin da ke ɗakinta ya tafi da su a nuna wa likita, kuma in ta ce kanta na ciwo a gefen goshi ko ganinta ya yi hazo, ko da tsakar dare ne, su fita. Ya ce, "Kawu, in likitan ya ce girma ne fa?" Na ce ya ce masa sun ji, amma suna roƙon a ɗebi jinin. Ranar Litinin za su je.