Sayen jirgin yaƙi ba wuya, riƙe shi ne aiki

Duk ranar da sabon jirgin yaƙi ya sauka a Najeriya, sai a yi ta ɗaukar hoto ana tafi kamar an ga bayan 'yan bindiga. Yanzu ma ana ta murnar cinikin M-346 guda 24 daga Italiya da masu saukar ungulu AH-1Z guda 12 daga Amurka. Ba mai tambayar da wane kuɗi za a riƙe su.

A duba abin da Rundunar Sojin Sama ta tara: Super Tucano 12 da suka iso a 2021, JF-17 uku daga Pakistan, T-129 na Turkiyya, Mi-35 na Rasha, ga tsofaffin Alpha Jet tun shekarun 1980. Kowane iri da nasa injin, nasa makaman, nasa kayan gyara, da makanikan da sai an kai su waje horo. Idan jirage uku ke gare ka, ɗaya ya cika awannin tashi an kwance shi ana dubawa, ɗaya yana jiran safaya, to da ɗaya tak kake yaƙi.

Safayar nan kuwa da dala ake saye, kasafin tsaro kuma da naira ake rubuta shi. Dalar da take kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Abin da ke biyo baya sananne ne: a ciro famfon mai daga wannan jirgi a ɗaura wa wancan, har na farkon ya zama kwarangwal a rumfa. Jiragen Jaguar da aka saya daga Ingila a shekarun 1980 ba su daɗe ba aka jingine su saboda tsadar kula. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Rasha tun 2022 ya ƙara wahalar samun kayan Mi-35.

Masu cewa rarraba saye a ƙasashe daban-daban ne ke kare mu daga jan ƙafar Amurka wajen sayar mana da makamai sun manta cewa jirgin da ke ajiye ba ya kare kowa a Zamfara.

A rage nau'o'in, kuma kada a sa hannu kan kwangilar da babu safaya da horo na shekaru a cikinta. Kafin Majalisa ta amince da ko sisi, ta tambayi jirage nawa ke iya tashi yau.