Abincin da yake kwana a kan wuta

Yahudawa masu riƙo da addini ba sa kunna wuta daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito bayan magaribar ranar Asabar. Attaura ce ta hana, girki ma ya shiga cikin haramcin. A unguwar Stamford Hill da ke arewacin Landan, inda nake zaune, tun la'asar shaguna suke fara ja da ƙofa, kowa na sauri ya isa gida. Amma yunwa ba ta san Asabar ba, sai suka nemo dabara: a gama komai da rana, a bar shi bisa wuta ƙasa-ƙasa wadda aka kunna tun kafin magariba, ba mai taɓa ta sai gobe.

Wanda ya fi burge ni shi ne jahnun, na Yahudawan Yaman da Adan. Wasu daga cikin na Adan a nan unguwar suka sauka lokacin da Turawan Ingila suke shirin barin garin a 1967. Kwaɓin fulawa ne, a shafe shi da man shanu, a yi ta ja har ana hango hannu ta cikinsa, a naɗe, a jera a tukunya, a ɗora ƙwai da ɓawonsa a sama, a rufe ruf. Haka zai kwana. Da safe ya yi jawur, ga ɗan zaƙi, farin ƙwan ma ya rine ya koma ruwan ƙasa. Ana ci da gurzajjen tumatir da wani yaji mai barkono da tafarnuwa, zuhug suke kiransa. Nauyi gare shi, gaskiya; ka ci biyu sai barci. Na Iraƙi kuwa soyayyen yalo da ƙwai ne karin kumallonsu, na Maroko a da har gidan mai tanda na unguwa suke kai tukunyar dafina, wata dahuwar nama da dankali, ta kwana cikin toka mai zafi.

Mu ma ai mun san abinci mai kwana. Ga ɗumame, ga ƙullun waina da ake bari ya tashi cikin dare. Bambancin shi ne namu duk sai wani ya tashi da asuba ya hura wuta, kuma kowa ya san wace ce wannan "wani". Safiyar Sallah maza sun sha babbar riga sun tafi idi, Inna da 'yan mata suna bakin murhu, ido ya yi ja da hayaƙi, sabon ɗinki yana rataye sai bayan azahar. A wajen Yahudawan kuwa hutun ya shiga har madafa, domin doka ba ta ware mai girki ba.

Ba wai matansu sun tsira ba ne. Aikin kwana biyu suke haɗawa ranar Juma'a, a lokacin sanyi kuma rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu a nan, sai ka ga gida kamar ana biki. Duk da haka suna samun yini guda cur.

Mu ba addini ne ya tilasta mana girkin safiyar Sallah ba, sabo ne da kuma maigidan da ba ya cin abin da ya kwana. Miyar taushe da nama da dambu duk za su iya kammala ranar jajibiri. Waina ce kawai na yarda sai da zafinta, ita ma samarin gida suna da hannu, tanda ba ta cizo.